Tambayoyinku: Tsimin Tulsi da Ruwan da Ake Tsima Shi

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan ganye ɗaya suka taru. Wani bidiyo ne ya zaga wayoyin mata tun bayan ƙaramar salla, shi ke nan kowa ya koma neman tulsi, wani ganye mai ƙamshi na ƙasar Indiya, har mai sayar da furanni na bakin titinmu ya ce min irin ya ƙare masa. Na tsamo shida daga ciki. Masu tambaya kan ciwon gwiwa da ƙurajen zafi su yi min haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ƙanwata ce ta turo min bidiyon wata Baturiya tana cusa ganyen tulsi a kwalba, ta zuba masa wani farin ruwa, ta ce bayan mako shida sai a riƙa ɗigawa a baki, yana kwantar da hankali yana sa barci. Na samo irin na shuka, har ya yi kyau a bayan ɗakina. Sai daga baya na gane ashe farin ruwan nan barasa ce. Akwai yadda zan yi shi ba da ita ba?
Daga uwar 'ya'ya huɗu, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Akwai, har hanya biyu. Amma bari mu fara sanin aikin da barasar take yi a cikin kwalbar, sannan mu san wanda za mu ɗora a gurbinta.

Abin da Baturiyar ta haɗa, su suna ce masa tinca. A wurinmu ba baƙon abu ba ne, tsimi ne. Kakata ta wajen uwa ba ta rabo da tukunyar tsimi a bayan randa, da sassaƙe da saiwoyi da jar kanwa a ciki. Nata dai na ruwa ne, shi ya sa kwana uku ko huɗu sai ya fara yauƙi da tsami, a zubar a sake sabo. Turawa kuwa da barasa suke yi, galibi wadda ake kira bodka, mai ƙarfin kashi 40 cikin 100. Tana janyo man da ke cikin ganyen, wanda ruwan sanyi ba ya iya ɗaukowa sosai, tana kuma hana fumfuna da ƙwayoyin cuta rayuwa a ciki. Shi ya sa kwalba ɗaya take shekara uku har biyar ba ta lalace ba. Ma'auninsu na busasshen ganye shi ne giram 100 ga rabin lita. Hukuncin barasa a cikin magani kuwa na malamai ne. Shekara 28 da na yi a ɗakin ba da magani na asibiti ba su mai da ni mai fatawa ba. Ni dai ba ta shiga gidana, ke ma ba ki da buƙatarta.

A 2014 na raka yayata Indiya aikin ƙoda, muka yi wata uku a Chennai, muna haya a saman benen wata tsohuwa. A tsakar gidanta akwai wani ɗan gini kamar murhu mai tsayi, ya kai ƙugu, an shafe shi da farin fenti, tulsi na tsaye a kansa. Kullum ina idar da sallar asuba zan jiyo ta tana zuba masa ruwa tana zagaya shi, da magariba kuma ta kunna masa 'yar fitilar mai. A addininsu na Hindu tsiro ne mai tsarki, suna danganta shi da abin bautarsu Bishnu, har bikin aure suke yi masa sau ɗaya a shekara wajen Oktoba ko Nuwamba. Ni da ban san dawan garin ba, wata rana bayan faɗuwar rana na miƙa hannu na tsinko ganye biyu zan shinshina. Tsohuwar nan ta dafe ƙirji kamar na mari jikanta. Ashe ba a tsinkarsa in rana ta faɗi. Washegari sai da na sayo mata ayaba na ba da haƙuri.

Da sanyin na'urar asibiti ya sa min mura, ita ce ta haɗa min abin da suke kira kashayam: ganyen kamar goma sha biyar, ɗanyar citta, 'yan ƙwayoyin masoro, da wani sukarinsu mai kama da mazarƙwaila, ta tafasa ruwa kofi biyu har ya koma ɗaya. Wata ukun nan ban taɓa ganin kwalbar tsimin barasa a gidan ba. Masu ganyen dafa shi suke yi, ko su tauna shi ɗanye. Baturiya sanyin ƙasarsu ne yake kashe mata shukar duk shekara, dole ta nemi dabarar adanawa. Ke da abinki yake raye a bayan ɗaki, ki tsinko ganye goma, ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki kife faranti a bakin kofin minti goma, kin gama. Kada ki raina rufewar nan, ƙamshin da ke bin tururi ya gudu shi ne rabin abin da kike nema.

To amma na san halinmu, in mace ta ƙudurta sai ta ga kwalba a jere a kanta. Ga wadda ni nake yi: tsimin khal, ruwan tsamin nan da Turawa ke ce wa binega.

Ki nemi khal ɗin tuffa, irin wanda ake sayarwa a shagunan magungunan Musulunci da manyan kantuna. Ki duba jikin kwalbar ki ga an rubuta tsaminsa kashi 5 cikin 100. Wanda aka ɗura a gorar ruwa babu takarda, ki bar musu kayansu, don sau da yawa sirkakke ne, sirkakken khal kuwa ba ya tsare komai. Kada zuciyarki ta yi miki ɗar a kansa: Annabi (SAW) ya yabi khal a matsayin mahaɗin abinci, hadisin yana cikin Muslim.

Ganyen ki yanke shi da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a lokacin da shukar ta fara fitar da kan fure, don a nan ƙamshinsa ya fi ƙarfi. Ki ɗauraye, ki baza a faifai a cikin ɗaki mai iska. Ban da rana. Mu mun saba shanya kuka da kuɓewa a tsakiyar rana, amma wannan in rana ta doke shi man cikinsa tashi yake yi, ki tashi da ciyawa. Da hunturu kwana biyu ko uku ya isa, da damina yana iya kai mako, kina juya shi. In kin murtsuke a tafin hannu kika ji ƙaras-ƙaras, ya yi. Sai ki samu kwalbar Bama da ta ƙare, ki wanke ta da sabulu da ruwan zafi, ki kife ta har ta bushe ƙarau. Ki zuba ganyen zuwa rabin kwalbar, ba tare da dannawa ba, ki kwarara khal har ya sha kansa da kamar yatsa biyu. Washegari ki leƙa, za ki tarar ganyen ya sha ya taso, ki ƙara masa. Duk ganyen da ya leƙo sama da ruwa, nan fumfuna take fara kama gida. Murfin kuma in na ƙarfe ne ki shimfiɗa farar leda ninki biyu kafin ki murɗa, don khal cin ƙarfe yake yi, ya zubo miki da baƙar tsatsa a ciki. Ki manna takarda ki rubuta kwanan wata. Kowa cewa yake zai tuna, ba mai tunawa.

Ki ajiye a cikin kabad inda haske ba ya kai wa, kina girgizawa kullum. Mako biyu zuwa uku ya isa. Ki tace da sabon mataci irin na koko, ki matse tukuf. Zai fito kamar shayin da ba madara, ƙamshin kanumfari na tashi ta bayan tsamin. A kofi ɗaya na tsimin ki zuba rabin kofi na zuma mai kyau, in kina son zaƙi ki kai kofi guda. Haɗin khal da zuma tsohon abu ne, likitocin Larabawa da Farisa na da suna ce masa sakanjabin. Cokalin shayi ɗaya a rabin kofin ruwa, sau ɗaya ko biyu a rana, bayan cin abinci. Ba a shan sa zalla, yana cin haƙori, mai gyambon ciki kuma ya haƙura da shi gaba ɗaya. A wuri mai sanyi yana kai wata shida.

Hanya ta biyu gilisarin ce, a nan kuma nake so ki buɗe kunne. Wanda muke sayowa da hunturu mu tsiyaya a man shafawa saboda kaushi da faso, ba shi nake nufi ba. Wancan na fata ne, wani ma har da turare a ciki. Na sha daban yake. A kantin magani mai rajista ake saye, a ga BP ko USP a jikinsa, wato alamar ya kai ingancin da ake haɗa magani da shi, da lambar NAFDAC, a kuma ga cewa daga man tsiro aka yi shi, don akwai wanda ake yi da kitsen dabba. Abin da ya sa nake tsanantawa: akwai wata guba, dayetilin gilaikol, da ake sa wa a man birki da ruwan sanyaya inji. Kamarsu ɗaya da gilisarin, fari, mai kauri, mai zaƙi-zaƙi, ga shi ya fi araha. Ƙoda yake kashewa. A Panama a 2006 an sayar da shi da sunan gilisarin, aka haɗa maganin tari da shi, sama da mutum 100 suka mutu. Nan gida ma shi ne ya shiga maganin haƙoran yara na My Pikin a 2008, yara 84 suka rasu. Ido ba ya rarrabe su, harshe ma haka. Saboda haka gilisarin na awo da ake tsiyayowa daga jarka a kasuwar sinadarai, ko kyauta aka ba ki kada ya shiga bakin kowa.

In kin samu na ƙwarai, ki gauraya kofi uku da kofi ɗaya na tafasasshen ruwan da ya huce. Kada ruwan ya wuce haka, in ya yi yawa gilisarin ba ya iya tsare shi. Sauran aikin duk ɗaya ne da na khal, sai dai shi saboda kaurinsa a hankali yake janyowa, sai ya yi mako huɗu zuwa shida. Yana kai shekara. Rabin cokalin shayi ake sha, in an zarce yana saki ciki. Daga shi har khal ɗin ba wanda ya kai barasa janyo man ganyen, wannan gaskiya ce, amma ga abin da kike nema sun wadatar.

Sai maganar barcin. Mace mai 'ya'ya huɗu da ba ta samun barci, ni tambayata ta farko ita ce ƙarfe nawa take kwanciya, kuma wa yake taya ta aiki. Tulsi yana ɗan sassauta gajiyar zuciya ga wasu. Amma in rashin barcin ya wuce wata guda, ga faɗuwar gaba, ga kuka ba dalili, ki je ki ga likita, ki faɗa masa duk abin da kike ji.

TAMBAYA: Mama, wai tulsin nan ba ɗaɗɗoyarmu ba ce aka sauya wa suna don a tsauwala mana kuɗi?
Daga wani ɗalibi, Maraɗi

AMSA: Ɗana, ka kusa gaskiya. 'Yan gida ɗaya ne, dangin da masana tsirrai ke kira Ocimum. Tulsi na asali shi ne Ocimum tenuiflorum, kuma iri biyu ya fi shahara: mai koren ganye da suke kira Rama, ba ramar kwaɗo ba, sai mai duhun ganye ja-ja da suke kira Krishna, wanda ya fi yaji a harshe. Akwai na uku da Indiyawa ke ce wa Vana, wato na daji. To wannan na ukun, Ocimum gratissimum, shi ne ɗaɗɗoya ta gida mai manyan ganye, wadda Yarbawa ke kira efirin, Ibo kuma nchanwu, ake jefawa a farfesu. Ke nan in wani ya sayar maka da shayin Vana a kwali mai hoton dutsen Himalaya, ɗaɗɗoyar bayan ɗakin kakarka ka saya da kuɗin jirgi.

Gane su ba wuya. Tulsi ganyensa ƙanana ne, karansa da gashi-gashi, tsayinsa da wuya ya wuce ƙugu. Ɗaɗɗoya tana iya kai wa kafaɗar mutum, ganyenta ya kusa tafin hannun yaro. Ka murtsuke tulsi ka shinshina, kanumfari za ka ji, saboda sinadarin yujinol da ke cikin tulsi da kanumfarin duka. Shi ne ma ƙamshin da ke dukan hanci a ɗakin likitan haƙori. Ɗaɗɗoya kuwa wata kanumfarin take yi, wata kuma ta fi karkata ga tayim ɗin miya. Duk yadda na bayyana a sama ana yi da ita, sai dai ta fi tulsi kaifi, a rage yawan ganyen.

TAMBAYA: Hajiya, shekarata 56, shekara 9 ke nan ina shan metformin da glibenclamide. Na gaji da ƙwayoyi, ga tsada. An ce min tsimin tulsi yana sauke suga. Zan iya ajiye su in koma masa?
Daga wani malamin makaranta, Azare

AMSA: Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Gajiyar na gane ta, tsadar ma na gani da idona, na sha ganin dattijo ya ƙirga kuɗinsa a gaban taga ya ce a ba shi na kwana goma. Amma kada ka ajiye su.

Wanda ya ce maka yana sauke suga bai yi ƙarya ba, bai dai ƙarasa maganar ba. A 2017 wasu masu bincike a Ostireliya sun tattara gwaje-gwaje 24 da aka yi wa mutane da tulsi, suka ga alamun yana ɗan rage sugan jini, yana kuma taimakawa wajen damuwa. Sai dai gwaje-gwajen ƙanana ne, kusan duk a Indiya aka yi su, kuma na 'yan makonni ne zuwa kamar wata uku. Ciwon suga kuwa abokin zaman shekaru ne. Ɓarnarsa a ɓoye yake yinta, a ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, mutum yana jin garau. Na ga waɗanda suka bar ƙwaya suka koma jiƙe-jiƙe, suna cewa sun warke, bayan shekara aka kawo su da gyambon ƙafa da ya ƙi ji. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya ɓangaren. Glibenclamide da kake sha yana iya faɗar da suga ƙasa da ƙima ko shi kaɗai, balle ka ƙara masa mataimaki, balle kuma ka fita makaranta ba ka karya ba. In ka ji rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, da yunwa mai tsanani lokaci guda, wannan faɗuwar suga ce. Nan take ka sha ruwan sukari, cokalin shayi uku a kofi, ko ka tauna dabino, sannan ka ci abinci.

In kana son tulsin, ka sha shi a matsayin shayi, kofi ɗaya a rana, ba sukari. Tsimin khal in za ka yi, ban da zuma. Ka gaya wa likitanka, ka riƙa gwada suga da safe kafin karyawa na mako biyu kana rubutawa a bayan littafin darasi, ka kai masa ya gani. Shi ne zai ce a rage ƙwaya ko a bar ta yadda take. Kuma in kana cikin masu shan asfirin kullum ko warfarin, maganin hana jini daskarewa, ko an sa maka ranar tiyata, ka faɗa masa wannan ma, don tulsi yana iya jinkirta daskarewar jini. Ana barin tulsin mako biyu kafin tiyata.

TAMBAYA: Mama, ni Kirista ce, barasa a magani ba ta dame ni ba. Bodka ta yi tsada. Zan iya sa ogogoro, ko sifirit na kemis?
Daga wata nas mai jiran aiki, Kafanchan

AMSA: 'Yata, sifirit ɗin goge ciwo da gangan ake zuba masa guba don kada a sha. Ke da kika karanci aikin jinya kin san metanol: yana makantarwa, yana kisa. Ogogoro na jarka kuma ba mai iya rantse miki abin da ke ciki. A 2015 gomman mutane sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan wanda metanol ya gurɓata. Burukutu ma kada ki fara, ƙarfinsa bai kai ya tsare ganye ba, ruɓewa kawai zai yi. In ba ki da kuɗin ta kamfani mai hatimi da lambar NAFDAC, ki bi layin khal tare da mu.

TAMBAYA: Hajiya, ina da ciki wata uku, ga kuma ɗana ɗan wata takwas yana yawan mura. Mu biyun za mu iya shan tsimin?
Daga wata matar aure, Funtuwa

AMSA: A'a 'yata, ku duka biyun. Ganye biyu uku a miya ko farfesu ba komai, amma tsimi tattararren abu ne, mai ciki da mai shayarwa su bar shi sai sun yaye. Yaron kuwa ko ɗigo. Na khal akwai zuma a ciki, ita kuwa zuma ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda wata ƙwayar cuta da kan ɓuya a cikinta, wadda hanjin babba ke iya yi da ita, na jariri ba ya iyawa. Tana saki masa jiki, ya kasa tsotso, har numfashi ya gagara. Na san gidaje da yawa ana lasa wa jariri zuma tun ranar haihuwa, kuma surukarki za ta ce duk nata haka ta yi musu. Ki ce mata ni na hana.

Tunda an zo nan, bari in ƙara wa masu neman haihuwa: gwajin da aka yi a kan zomaye da ɓeraye ya nuna yawan cin tulsi yana rage ƙwayoyin maniyyi. Maigidan da ake jiran rabo a gidansa ya dakata da shi tukuna. Ke kuma, ciki wata uku ga goyon wata takwas, ki daure ki fara zuwa awo da wuri, jikinki yana buƙatar ƙarin jini.

TAMBAYA: Hajiya, ni da na ji batun barasa sai na cusa ɗanyen ganyen a cikin zuma zalla. Yau kwana goma sha biyu, sai kumfa yake yi, in na buɗe murfin ya ce fuss, ga wani wari-wari. Ya nuna ne?
Daga wata amarya, Haɗeja

AMSA: Amarya, an gudu ba a tsira ba. Giya kika haɗa.

Kada ki ji kunya, ni na riga ki. Shekarar da na dawo daga Indiya da ɗan ƙullin iri a jakata, shukar farko da ta yi kyau na yanke ta, na ɗauraye, ko tsanewa ban bari ta yi ba na danna a kwalba na cika da zumar da aka kawo min tsaraba daga Mambila. Don kada yara su gani su lashe, na tura ta can ƙasan wadrob, bayan atamfofina. Watan Afrilu ne, zafin da kwalta ke narkewa. Bayan mako biyu na buɗe wadrob zan ɗauki kayan zuwa suna, wani tsami ya bugi hancina. Murfin ya kumbura ya karkace, abin ya tsiyayo ya bi ta ƙarƙashin leshina mai tsada, ga tururuwa sun yi layi har bango. Maigidan ya leƙo, ya shaƙa sau ɗaya, ya ce, "Hajiya, yaushe muka buɗe mashaya ban sani ba?" Har yau in ya ga na ɗauko kwalba sai ya tambaya ko an sabunta lasisi.

Ga abin da ya faru a kwalbarki. Zuma ba ta lalacewa ne saboda ruwan cikinta kaɗan ne, bai wuce kashi 17 ko 18 cikin 100 ba, ƙwayoyin yis ba sa iya motsi a ciki. Ɗanyen ganye kuwa kusan duk ruwa ne. Zumar ta tsotso ruwan ganyen ta tsinke, yis ɗin da ke kwance a jikin ganyen da cikin zumar ya farka ya samu sukari ga ɗumi, ya shiga aikinsa. Kumfar da fuss ɗin da kike ji iskar da yake fitarwa ce, warin kuma barasa. In ma zumar da ma sirkakkiya ce da ruwan sukari, irin ta bakin tasha, abin ya fi sauri.

Ki buɗe murfin a hankali a tsakar gida, kin kau da fuska, ki juye a masai. Kwalbar ki wanke da ruwan zafi ki kife. In har zumar kike so, da busasshen ganye ake yi, wanda ya yi ƙaras: ki murtsuke cokali uku manya a kofi ɗaya na zuma, ki juya, ki rufe, kina kifa kwalbar kina miƙar da ita kullum na mako biyu. Sai ki tsoma gindinta a ruwan ɗumi zumar ta saki, ki tace. Cokalin da za ki riƙa ɗiba da shi ya zama busasshe, kuma ki nema mata wuri a kicin, nesa da kayan lefe.